Ni da Yayana ba ma magana tun zaɓen gwamna, ga sallah ta zo

Ɗan_Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da shan ruwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a ba ni ita tsakani da Allah. Yau 28 ga azumi. Rabona da magana da Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, tun ranar Litinin 20 ga Maris 2023 da aka faɗi sakamakon gwamnan Kano. Ni Abba Kabir Yusuf na NNPP na zaɓa, wanda aka ce ya ci, shi kuma ejan ɗin APC ne a akwatinsu. Duk wanda ya je wajensa sai ya ce masa ba zaɓe muka ci ba, an razana mutanensu, an yi aringizo, kuma ƙuri'un da aka soke sun fi ratar da ke tsakani, don haka kamata ya yi a ce zaɓen bai kammala ba. Ni kuma na ce masa 1,019,602 na Abba da 890,705 na Gawuna, ɗan takarar APC, ba kusa suke ba.

Kowace shekara in an sauko daga idi gidan Hajiyarmu muke haɗuwa da matanmu da 'ya'yanmu, mu maza mu ci tuwo a kwano ɗaya. Jiya ƙanwarmu ta gaya mini ya ce bana sai bayan la'asar zai je, lokacin da ya san na tafi. Hajiya ba ta ce mini komai ba, amma da na kai mata kayan buɗa baki na ga idonta ya kumbura. In je in same shi kafin sallah, ko in bari ya huce? In kuma na je me zan ce masa, tunda ban yarda an yi maguɗi ba, kuma ba zan yi masa ƙarya da bakin azumi ba?

Maman_Khairat:
Wa alaikumus salam. Ka je yau, kar ka bari gobe. Ba sai ka ce masa an yi maguɗi ba. Ka ce Yaya na zo gaishe ka, Hajiya ba ta jin daɗi. Shi ke nan. Babban wa uba ne.

JarHula_Fagge:
Ni ban ga abin ba da haƙuri a nan ba. A 2019 Abba yana gaba da ƙuri'a 26,655 aka ce inkonkulusif, wato bai kammala ba, aka sake zaɓe ranar 23 ga Maris, duk duniya ta ga tashin hankalin da aka yi a mazaɓar Gama. Shekara huɗu muna haɗiye wannan baƙin cikin. A lokacin wa ya zo gidanmu ya ba mu haƙuri? Yanzu su ɗanɗana. Ka je gidan Hajiya da jar hularka, in ya ga dama ya zo.

Abu_Sadiq_Tarauni:
@JarHula_Fagge irin wannan maganar ce ta raba gidaje a Kano. Na 2019 an je kotu har kotun ƙoli, a Janairun 2020 ta tabbatar da Ganduje. Ku ba ku yarda ba, kun ci gaba da cewa an ƙwace muku, ba wanda ya hana ku faɗa. To mu ma yanzu jam'iyyarmu ta kai ƙara, me ya sa in mun ce muna da ƙorafi sai a ce hassada ce? Ni Gawuna na zaɓa kuma ban yi nadama ba. A rumfarmu na ga matasa da makamai a bakin layi da la'asar, tsofaffin unguwarmu da yawa suka koma gida ba su jefa ƙuri'a ba. Ban san wa ya turo su ba, ba zan ɗora wa kowa ba, amma da idona na gani.

JarHula_Fagge:
Ai shi Gawunan da kansa ya taya Abba murna bayan an ba shi takardar shaidar cin zaɓe. Kun fi shi sanin abin da ya faru ne?

Abu_Sadiq_Tarauni:
Ya taya shi murna, gaskiya ne, kuma dattako ne ya nuna. Amma ƙarar jam'iyya ce ta shigar, kuma doka ta ba ta wannan damar.

Malama_Zee:
Ku biyun kun riga kun mayar da zancen naku, mai tambaya yana gefe. Amma bari in faɗi abin da na sani, tunda na yi aikin wucin gadi a zaɓen gwamna, ni ce mai kula da akwati a wata rumfa a cikin birni.

Yadda abin yake, kowane mai zaɓe sai na'urar BVAS ta tantance shi da yatsa ko da fuska. In an gama, a zazzage akwati a gaban kowa, a ware ƙuri'u, a ƙirga da ƙarfi jama'a suna amsawa. Sai a cike takardar sakamako, EC8A, ejan na kowace jam'iyya ya sa hannu a ba shi kwafi, a ɗauki hoton takardar da na'urar a tura IReV, shafin hukumar zaɓe INEC na duba sakamako. Idan ƙuri'un da aka jefa suka fi yawan waɗanda na'ura ta tantance, dokar zaɓe ta 2022 ta ce a soke akwatin. A rumfata sai da muka ƙirga sau biyu da fitilar waya saboda wani ejan ya ce bai gamsu ba, na biyun ma lissafi ɗaya ya ba mu, ya sa hannu yana huci.

Abin da nake nufi, @Ɗan_Gwammaja, Yayanka ejan ne, ke nan yana da kwafin takardar akwatinsa. Abin da ya gani a akwatinsa ya sani. Abin da ya faru a sauran akwatunan ƙananan hukumomi 44 kuwa ji ya yi, kamar yadda kai ma ji ka yi. Da mutane za su riƙa raba "na gani" da "an ce", da rabin faɗan nan ya mutu.

Sani_Kwari:
Malama ta yi magana. Mu a kasuwa kullum sai an turo bidiyo a ce ga inda ake dangwale. Wani da na duba da kyau, rigunan jam'iyyar da ke jikin mutanen ma na zaɓen 2019 ne. Na gaya wa maƙwabcin shagona, sai ya ce ni ma an saye ni.

Ummu_Hanan:
@Ɗan_Gwammaja ka yi haƙuri da tambayata. Musun lissafi kawai ba ya sa wa ya ƙaurace wa ƙaninsa wata guda. Me ka yi masa ranar da aka faɗi sakamako?

Ɗan_Gwammaja:
@Ummu_Hanan kin taɓo inda yake ciwo. Ranar gwamnati ta sa dokar hana fita, muna gida, murna ta ɗebe ni. Na shiga guruf ɗin gidanmu na WhatsApp na tura hoton fakitin taliya, na rubuta cewa masu cin taliya sai a nemi wata sana'a. A guruf ɗin akwai matarsa, akwai babban ɗansa mai shekara 16. Bayan minti kaɗan ya fita daga guruf. Da na kira shi da daddare ya ɗauka ya ce, "Ni ka kira mai cin taliya a gaban ɗana?" ya kashe. Shi ne ya biya mini kuɗin jarrabawar gama sakandare lokacin da Baba ya rasu. Tun ranar abin yake cina.

Ummu_Hanan:
To ka gani. Wannan ba rigimar zaɓe ba ce, cin fuska ne. Maganar maguɗi da yake ta yi, ita ce abin da zai iya faɗa wa mutane, don ba zai ce ƙanina ya wulaƙanta ni a gaban iyalina ba. Ka riƙe ra'ayinka a kan zaɓe, ka ba shi haƙuri a kan hoton. Kuma a inda ka yi laifin za ka gyara, wato cikin guruf ɗin, ɗansa ya gani.

JarHula_Fagge:
Gaskiya ban san da maganar hoton ba. Wannan kam ka yi kuskure, ko ni ba zan yi wa yayana haka ba. Amma maganar jar hula tana nan.

Bappa_Jimeta:
Ku na Kano ku gode wa Allah naku ya wuce wata guda. Mu a Adamawa cikin goman ƙarshen nan muka ga abin da ba mu taɓa gani ba. An yi zaɓen cike giɓi ranar Asabar 15 ga wata, aka fara tattara sakamako aka ɗage zuwa ƙarfe 11 na safiyar Lahadi. Kafin lokacin ya yi, kwamishinan zaɓe na jiha, Hudu Yunusa Ari, ya shiga zauren ya ce Aisha Binani ta APC ta ci, alhali ba a gama tattara ƙananan hukumomi ba, kuma ba shi doka ta ba ikon sanarwa ba, aikin baturen zaɓe ne. Nan take hedikwatar INEC ta ce sanarwar ba ta da tushe. Jiya Talata aka kammala, aka ce Fintiri na PDP ya samu 430,861, Binani 398,738.

A kwana ukun nan gari ya yi tsit. Na rufe shagona na kayan yara a makon da ya fi kowanne ciniki a shekara. Masallacin da muke tahajjud sahu ya ragu, mutane suna tsoron fita da dare. A gidanmu kuwa matata da ƙanwata sun yi guɗa ranar Lahadi, ranar Talata suka yi kuka.

Adda_Yola:
Ina cikin masu kukan, Bappa. Na yi layi tun asuba a zaɓen Maris, na raka tsofaffi mata uku rumfa, don ina son in ga mace ta farko da aka zaɓa gwamna a ƙasar nan kafin in mutu. Ban ji daɗin yadda aka yi sanarwar Lahadi ba, ko ni na san ba haka ake yi ba, kuma ta ɓata mana abin da muka sha wahala a kai. Amma har yanzu zuciyata ba ta kwanta da lissafin wasu ƙananan hukumomi ba. Ba ni da takarda a hannu, shi ya sa ba na musu da kowa. Mijina PDP yake yi. Ni na dafa masa sahur yau, ya ci, bai ce mini komai ba, ni ma ban ce ba.

Barista_MK:
Bari in ƙara haske a kan doka, don na ga ana ta tambaya a wasu wurare. Wanda bai gamsu da sakamako ba yana da kwana 21 daga ranar sanarwa ya shigar da ƙara. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe tana da kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60 a kowane mataki. Ƙarar gwamna tana iya kaiwa kotun ƙoli. Ke nan na Kano zai iya kai wa ƙarshen shekara ko farkon mai zuwa, kuma za a rantsar da wanda INEC ta bayyana ranar 29 ga Mayu ko da shari'a tana gudana.

Haka na shugaban ƙasa. INEC ta ba Tinubu 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. Atiku da Obi duk sun kai ƙara kotu, kuma babban ƙorafinsu shi ne ba a ɗora sakamakon rumfuna a IReV a kan lokaci ba ranar 25 ga Fabrairu kamar yadda aka yi alkawari. Hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Wannan ƙorafi ne na gaske, ya kamata a amsa shi dalla-dalla. Amma a kotu, mai ƙara ne zai kawo hujja rumfa bayan rumfa, da shaidun da suke wajen. Shi ya sa shari'ar zaɓe take da wuyar ci.

@Ɗan_Gwammaja idan ka ce sai kotu ta raba gardama za ku shirya, babbar sallah ma za ta wuce ku.

Sani_Kwari:
Barista, abin da ke damuna shi ne kowa kotu ta ba shi sai ya ce adalci, in ta hana shi ya ce an sayi alƙalai. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutanen da suka ce BVAS ta yi aiki a Kano su ne suke cewa ba ta yi ba a zaɓen shugaban ƙasa, waɗanda suka yaba mata a na shugaban ƙasa su ne suke zaginta a Kano.

Barista_MK:
Haka ne, amma kar mu ɗora wa talaka laifin rashin yarda gaba ɗaya. Mutum miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Wanda aka hana kuɗinsa a banki saboda canjin takardun naira, ya yi layin POS, ya yi layin mai, sannan ya yi layin zaɓe, aka ce masa zai ga sakamakon akwatinsa a waya bai gani ba, dole zuciyarsa ta yi zargi. Abin da ya faru a Yola kuma ya ƙara wa zargin ƙarfi.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum daga Nijar. Mu ma mun ga irin wannan a 2021. Zagaye na biyu ranar 21 ga Fabrairu, hukumar zaɓenmu CENI ta ce Bazoum ya samu kusan kashi 56, Mahamane Ousmane ya ce shi ya ci. Aka yi tarzoma a Yamai, aka yanke intanet kwana da kwanaki. Nan Damagaram garin Ousmane ne, sai ka ga mutum ya daina sayen nama wajen mahaucin da ya saba saboda jam'iyya. Kawunnaina biyu sun shekara ba sa zama tabarma ɗaya. Rasuwar kakarmu ce ta haɗa su, a bakin kabari suka yi musabaha suna hawaye. Ɗan uwa kar ka jira irin wannan ranar, Hajiyarku tana da rai.

Kaka_Zonkwa:
Ni dattijuwa ce, jikata ke rubuta mini. A Afrilun 2011 bayan zaɓen shugaban ƙasa muka baro garinmu da kayan jikinmu kawai, muka zauna a sansani a Kaduna. An ce mutum sama da 800 suka mutu a Arewa cikin kwana uku. Da maganar "an sace zaɓe" aka fara, a bakin mutanen da ba su ga akwati ko ɗaya an sace ba. Waɗanda aka yi dominsu ba abin da ya same su a rikicin, wasu ma yanzu jam'iyyarsu ɗaya. Ni mijina bai dawo ba. 'Ya'yana, in kuna wannan magana ku riƙa sassauta murya.

Maman_Khairat:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa, Kaka, Ya sa Aljanna ce makoma.

Abu_Sadiq_Tarauni:
Amin. Kaka, mun ji. Amma ina roƙon kar a fahimci cewa duk mai ƙorafi mai tada fitina ne. Ni ban taɓa ɗaukar ko tsinke ba. Ina son a binciki abin da na gani ne kawai.

JarHula_Fagge:
A bincika, har da na Gama.

Admin_Zaure:
@JarHula_Fagge @Abu_Sadiq_Tarauni ya isa haka don Allah. Na goge saƙonni biyu da aka ambaci iyayen mutane. Muna cikin goman ƙarshe. A koma kan tambayar ɗan uwanmu.

Almajirin_Malam:
Abu biyu zan tunatar. Ya tabbata a hadisi bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Na biyu, Annabi (SAW) ya fito zai sanar da sahabbai daren Lailatul Ƙadari, ya tarar da mutum biyu suna jayayya, sai aka ɗauke sanin daren. Jayayyar mutum biyu ke nan. Ku naku ya haura kwana talatin, kuma da yanke zumunci a ciki. Shawarata ka kai masa zakkar fidda kai ya raba a unguwarsu, ko wani abu makamancin haka da zai nuna har yanzu shi ne babba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wa.

Ummu_Hanan:
Malam ya kawo dabara mai kyau. Amma kar ka tafi da kowa, kar ka tura Hajiya ta shiga tsakani, nauyin zai yi mata yawa. Kuma in ya fara maganar zaɓe ka bar shi ya gama. Mai yiwuwa tun ranar ba wanda ya zauna ya saurari abin da ya gani a akwatinsa.

Telan_Sabon_Titi:
Ni dai abin da na lura a shago, bana yara da yawa an ɗinka musu fararen kaya da jar hula, wasu iyayen kuma sun ce ko zare ja kar in sa a aikin wuya. Wani ya dawo mini da riga saboda surfanin ya yi ja-ja. Yaro ɗan shekara biyar. Ban taɓa ganin ɗinkin sallah ya koma haka ba, kuma shekarata 19 a kan keke.

Sani_Kwari:
Wallahi haka ne. Ina jin tsoron hawan Daushe da hawan Nassarawa ma kar matasa su mayar da su filin ihun jam'iyya.

Ɗan_Gwammaja:
Barkanmu da sallah 'yan uwa, Allah Ya karɓi ibadunmu. Na ga ya kamata in dawo in faɗa muku yadda aka yi.

Daren Alhamis bayan an sanar da ganin wata na rubuta a guruf ɗin gida cewa hoton da na tura rashin kunya ne, ina neman afuwar Yaya da iyalinsa. Na ɗauki kwano huɗu na gero na tafi gidansa. Ya bar ni a zaure kusan rabin awa. Da ya fito na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Sai ya koma ciki ya ɗauko takardar akwatinsa a cikin leda, ya shimfiɗa a kan tabarma, ya haska mini da waya. Ya nuna mini inda aka kankare wani adadi aka sake rubutawa, ya ce ya yi magana a wajen aka yi masa ihu, wani yaro sa'an ɗansa ya fizge masa hula. Wannan bai taɓa gaya wa kowa ba. Na ce masa ban san an yi masa haka ba, kuma bai dace ba. Ban ce an yi maguɗi a Kano ba, shi ma bai nemi in ce ba.

Yau ya zo gidan Hajiya bayan idi, ba bayan la'asar ba. Mun ci tuwo kwano ɗaya, ya ba 'ya'yana goron sallah sababbin ɗari biyu-biyu. Bai dawo guruf ba tukuna. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini, "Maganar kotu tana nan fa." Na ce to Yaya.

Malama_Zee:
Alhamdulillah. Amma kankarar da ya nuna maka ba ƙaramin abu ba ne. An koya mana in an yi gyara a takardar sai mai kula da akwati ya sa hannu a gefen gyaran. Ka tambaye shi ko akwai sa hannu a wajen, sannan ku buɗe IReV ku nemo rumfar ku gwada da hoton da aka ɗora. In sun bambanta ya kai wa lauyoyin jam'iyyarsu.

JarHula_Fagge:
Akwati ɗaya ba zai cike ratar 128,897 ba. Amma wanda ya fizge wa dattijo hula bai kyauta ba, ko namu ne. Barka da sallah @Abu_Sadiq_Tarauni.

Abu_Sadiq_Tarauni:
Barkanmu dai, Allah Ya maimaita mana. Sai mun ji daga kotu.

Adda_Yola:
@Malama_Zee don Allah turo mini yadda ake nemo rumfa a shafin nan. Ina da lambar tamu a jikin katina na zaɓe, ina son in duba da kaina in yara sun tafi yawon sallah.